Kansul na neman ra'ayinmu kan gidajen HMO a unguwa, mu goyi baya ko mu ƙi?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Kansul, wato ƙaramar hukumar garin da nake zaune a nan yankin Midlands na Ingila, sun jefo mana takarda ta ƙofa, wai suna son jin ra'ayin jama'a kan wata ƙa'ida da za su kafa, Article 4 suke ce mata. Yadda na fahimta duk wanda zai mayar da gidan iyali ya koma gidan haya na ɗaki-ɗaki, wato HMO, sai ya nemi izinin masu tsara gari tukuna. Layinmu tsohuwar unguwa ce, gidajen jan bulo manne da juna, yawanci tsofaffi ne da masu yara, amma 'yan shekarun nan gidaje da dama sun koma HMO. Maƙwabcina Bature yana ta zagayawa da takardar sa hannu wai mu mara wa kansul baya. Na ce masa zan duba. Gaskiya zuciyata ta kasu biyu, don ni ma a irin gidan nan na fara sauka da na zo karatu, kuma ƙanin matata yanzu haka a ciki yake zaune. Me kuke gani?

Bakatsine:
Wa'alaikumus salam. Kar ka sa hannu Malam. Mu ake nufi, kawai ba za su fito su faɗa ba ne. Gobe a wayi gari an kori yaranmu daga ɗakuna ina za su?

MaiTaswira:
@Bakatsine a'a Yaya, ba a korar kowa. Bari in ɗan warware don aikina ya shafi wannan ɓangaren. A Ingila gida yana zama HMO ne idan mutum 3 ko fiye da ba iyali ɗaya ba suna zaune ciki suna haɗa kicin ko banɗaki. Tun Oktoba 2010 doka ta ba mai gida dama ya mayar da gidan iyali ya zama ƙaramin HMO, na mutum 3 zuwa 6, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Daga mutum 7 zuwa sama dama can sai da izini. To Article 4 wannan damar take cirewa, shi ke nan. Ba haramtawa ba ce, cewa ne sai ka nema, su duba, su ba ka ko su hana ka. Kuma ba ta komawa baya, gidan da ya riga ya zama HMO bisa ƙa'ida kafin ranar da za ta fara aiki yana nan yadda yake. Sannan kar a haɗa ta da lasisi, wannan daban ne, shi ana buƙatarsa ne ga gidan mutum 5 ko fiye, kuma shi ne ke duba girman ɗaki da kariyar gobara.

Bakatsine:
To na ji. Amma idan aka daina buɗe sababbi ai ɗakunan da suka rage tsada za su yi. Kora ce dai, ta hanyar aljihu.

MamanIlham:
Ni kam zan faɗi gaskiyata ko za a ji haushina. Da ni ce da na sa hannu tun kafin ya rufe baki. Gidan da ke manne da namu tsohuwa ce a ciki, Allah Ya yi mata rasuwa, 'ya'yanta suka sayar, wani ya saya ya yanka falo gida biyu, ya mayar da ɗakin cin abinci ɗakin kwana, ya malale ɗan lambun gaba da siminti. Yanzu kwandon shara biyu ne na mutum shida, ranar Laraba kafin motar shara ta zo leda ta cika ta zubo har bakin ƙofarmu, dila ya zo da dare ya yayyaga. Duk wanda zai tashi sai ya jingina katifarsa a jikin katanga ya yi gaba, ruwa ya yi ta dukanta har ta yi baƙi. Wajen ajiye mota kuwa kar ma a yi magana, in na dawo da yara daga islamiyya sai na kai layi na biyu. Kuma wallahi yaran da ke ciki ba su da laifi, akwai wata 'yar Zimbabwe mai aikin kula da tsofaffi har abinci muke ba juna. Mai gidan ne ba a taɓa ganinsa ba, lambar da ya bari ma ba ta shiga.

Yar_Damagaram:
Anti Maman Ilham ki yi haƙuri amma duk abin da kika lissafa na mugun mai gida ne, kuma ƙa'idar nan ba za ta taɓa shi ba tunda an ce ba ta komawa baya. Gidan da ke kusa da ke zai ci gaba da zama yadda yake. Wanda za ta taɓa shi ne irina. Na zo da bizar aikin kula da tsofaffi, tun Maris 2024 aka hana mu zuwa da iyali, to mace ita kaɗai za ta kama gida sukutum ne? Da wane albashin? Ejan zai ce kawo mai tsaya maka, kawo shaidar hayar da ka yi a baya, kai da ka sauko daga jirgi jiya. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka shi ne kawai ƙofar da ke buɗe mana. Kuma ba mota gare mu ba, ƙafa da bas ne, dole mu zauna kusa da inda tsofaffin suke, su kuma a irin unguwanninku suke zaune. Ana son mu zo ƙarfe 7 na safe mu yi wa Baba wanka amma ba a son mu kwana a layin.

MamanIlham:
Ƙanwata ba ke nake nufi ba wallahi. Amma ki sa kanki a matsayina, mun ci bashin banki na shekara 25 a kan gidan nan.

Alhaji_Leeds:
Bari in yi magana a matsayin mai gida, don ina da guda ɗaya a nan Leeds. Mu tun 2012 aka sa mana Article 4 a unguwanni irin su Headingley da Hyde Park saboda ɗalibai sun cika ko'ina. Kun san wa ya ci riba? Mu da muka riga muka shiga. Gidan da yake da shaidar HMO tun kafin lokacin darajarsa ta ɗaga, saboda sabon shiga ba zai samu izini cikin sauƙi ba. Don haka in son raina zan bi sai in ce Dan Fagge ka sa hannu, ka ƙara mana kasuwa, hhh. Amma tsakani da Allah ba ita ce maganin shara ba. Abin da ke gyara gida lasisi ne da zuwan masu duba. Ni sai da na sa ƙofofin gobara masu rufe kansu, da na'urar hayaƙi a kowane hawa, da takardar gas duk shekara, ta lantarki duk shekara 5. Ɗakin mutum ɗaya in bai kai murabba'in mita 6.51 ba ba ka da ikon sa kowa ciki, na mutum biyu 10.22. Akwai ɗan ƙaramin ɗaki a sama da na so in bayar, da aka auna bai kai ba, yanzu akwatunan yara ne a ciki.

Dan_Fagge:
Alhaji na gode. To amma in haka ne me ya sa kansuloli ke ta rububin yin ta?

Alhaji_Leeds:
Saboda tana da arha kuma masu ƙuri'a suna so. Ɗaukar ma'aikatan da za su bi gida-gida kuɗi ne.

Alum_Rock_Boy:
Ku tambaye mu 'yan Birmingham, mun ga farkon abin da ƙarshensa. An fara da Selly Oak da kewaye a 2014 saboda ɗaliban jami'a, sannan a watan Yuni 2020 aka shimfiɗa ta a duk faɗin birnin. Ƙa'idarsu ita ce kar HMO su wuce kashi 10 cikin ɗari na gidajen da ke cikin mita 100, kar a sa gidan iyali a tsakiyar HMO biyu, kar kuma a jera uku manne da juna. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma babbar matsalarmu ba ma waɗannan ba ne, gidajen da ake ce wa na tallafi ne, inda ake ajiye waɗanda suka fito daga kurkuku da masu fama da shaye-shaye da marasa matsuguni, gwamnati na biyan haya mai tsoka da sunan ana kula da su alhali a wasu gidajen ba kowa ke leƙowa ba. Da yawansu doka ba ta lissafa su a matsayin HMO saboda irin ƙungiyoyin da ke riƙe da su, don haka Article 4 ta wuce ta gefensu. Sai a 2023 majalisa ta yi musu doka ta daban. Mutumin layi kuwa bai san bambanci ba, duk gidan da ya ga kwandon shara ya cika sai ya ce HMO ne.

Bakatsine:
Ku Birmingham ai ba ku da bakin maganar shara, tun yajin aikin masu kwashe shara na 2025 duk duniya ta ga layukanku a talabijin 😂

Alum_Rock_Boy:
Kai dai bari. Kansul ɗin da ya ayyana tsiyacewa a Satumba 2023 shi ake jira ya bi gida-gida da abin awo.

Sarkin_Yawo:
Ni tambaya ce da ni ba ra'ayi ba. Mu huɗu ne 'yan Gombe muka haɗa kuɗi muka kama gida mai ɗaki uku a Coventry, tukunya ɗaya muke ci, sallah tare. Mu ma HMO ne? Mai gidan bai taɓa ce mana komai ba.

MaiTaswira:
@Sarkin_Yawo in ba dangin juna ba ne ku, eh HMO ne, ko da kwano ɗaya kuke sa hannu. Doka jini take dubawa ko aure: iyaye, kakanni, 'ya'ya, jikoki, wa da ƙani, kawu, baffa, gwaggo, inna, da 'ya'yansu. Zaman gari ɗaya ba ya ciki. Nauyin neman lasisi a kan mai gida yake ba a kanku ba, amma ku duba shafin kansul, suna da rajistar gidajen da ke da lasisi, kuma wasu garuruwan har gidan mutum 3 ko 4 suna neman lasisi. In ya kamata ya yi bai yi ba, masu haya na iya zuwa kotun gidaje a sa shi ya mayar musu da kuɗin haya na watanni.

Sarkin_Yawo:
A'a mu ba rigima muke nema ba, mutumin kirki ne. Kawai kar wata rana a ce mu fita.

Hajiya_Moss_Side:
Ni abin da ke damuna daban ne. Na taɓa zuwa irin taron nan a wani gari kusa da mu, na raka ƙawata. Zauren coci ne, ya cika da masu furfura, mu biyu ne kawai masu ɗankwali. An fara da maganar fakin da shara lafiya lau, can sai wani ya miƙe ya ce ai kowa ya san su wa ake zubawa a gidajen, 'yan jirgin ruwa ne, wato masu neman mafaka da ke tsallako teku, aka hau tafi. Jami'ar kansul ta ce wannan ba ya cikin abin da suke dubawa amma ina, zance ya riga ya karkata. Tun tarzomar bazarar 2024 da aka kai wa otal-otal ɗin masu neman mafaka hari nake tsoron duk wata takardar sa hannu da ke yawo a layi. Dan Fagge ka karanta abin da maƙwabcinka ya rubuta a saman takardar kalma bayan kalma kafin ka ɗora sunanka. Abin da ya baƙanta min rai shi ne ko mutum ɗaya mai zaune a HMO bai zo ba. Ana yanke hukunci a kansu suna can suna shif ɗin dare.

MamanIlham:
Hajiya kin ga irin wannan ne ke sa mu yin shiru. Da ka ce shara ta dame ka sai a haɗa ka da masu ƙin baƙi. Ni baƙuwa ce, mijina baƙo ne, amma ɓera ya shigo min kicin.

Hajiya_Moss_Side:
Ban haɗa ki da su ba 'yar uwa. Cewa na yi ki rubuta naki da hannunki, kar ki shiga ƙarƙashin rubutun wani.

Dan_Kurna:
Ina karanta ku daga Kano ina ta mamaki. Wato ku har takarda ake kawo muku a tambaye ku? Mu nan sai dai ka tashi da safe ka ga maƙwabci ya rushe soro ya fitar da shaguna, ko an yanka filin gidan Nasarawa GRA gida huɗu, ko an mayar da gidan gado ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya da banɗaki ɗaya. Hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, tana nan, amma yawanci sai gini ya kai linta ake ganin jan fenti. Ku gode wa Allah.

Bakatsine:
Tambayar ma ta cika ƙa'ida ce Malam, sun riga sun gama shawararsu.

MaiTaswira:
Ba gaba ɗaya ba. Gaskiya ne da wuya ka ga an janye Article 4 saboda ra'ayin jama'a, amma inda ake samun canji shi ne iyakar taswira da ma'aunin da za a yi amfani da shi wajen ba da izini. Duk garin ne ko wasu unguwanni? Kashi nawa, cikin mita nawa? Birmingham kashi 10 ne, Oxford kashi 20, kun ga ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne rayuwar irin su Yar Damagaram take. Doka ta ce a ba da aƙalla kwana 21 na karɓar ra'ayi, wasu suna ba da fiye. Kuma ku lura, galibi suna ba da sanarwar wata 12 kafin ta fara aiki don kar masu gidaje su nemi diyya. A cikin wata 12 ɗin nan ne masu kuɗi ke rige-rigen saye da yankawa kafin ƙofa ta rufe. Don haka Anti Maman Ilham, in an yi a garinku, shekarar farko abin na iya ƙaruwa kafin ya lafa.
In za ku rubuta ku tsaya kan abin da suke iya aunawa: fakin, shara, hayaniya, raguwar gidajen masu iyali, ko kuma buƙatar ɗakuna masu araha kusa da asibiti da jami'a. Maganar darajar gidana za ta faɗi ko ban son irin mutanen da za su zo, ajiye ta suke yi gefe.

Yar_Damagaram:
Mu da ba 'yan ƙasa ba za mu iya rubutawa? Ba zai shafi biza ba? Ni tsorona kenan, kuma kar mai gidanmu ya ga sunana.

MaiTaswira:
Kowa na iya rubutawa, ba a tambayar fasfo, kuma ba ruwansa da biza. Maganar suna ki karanta bayanin da ke ƙasan fom ɗin, wasu kansuloli suna wallafa ra'ayoyin, wasu taƙaitawa kawai suke yi. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama ma har ƙuri'a suna da ita saboda Commonwealth, su yi rajista su zaɓi kansila. Ku 'yan Nijar ne dai ba ku ciki, sai haƙuri.

Yar_Damagaram:
Ko a nan ma an bar mu a baya kenan 😅

Gwani_Salford:
Ni ina ganin muna kare abin da bai kamata mu kare ba. Na zauna a HMO, kar mu yi wa kanmu ƙarya, rayuwa ce ta dole. Firij ɗaya kowa da shantarsa da sunansa a jiki, ka ajiye naman miyarka ka dawo ka ga an ɗora naman alade a kai ruwansa na ɗiga. Ka yi alwala a rubuta takarda a manna a ƙofar banɗaki wai wa ke jiƙa ƙasa. Butata sai da na riƙa ɓoye ta a ɗaki. Ka soya albasa da daddawa na'urar hayaƙi ta ɗau ƙara, duk gida a fito ana hararar ka. Ga sanyi, mai gida ya kulle ma'aunin hita a cikin akwati don kar a ƙara. In ƙa'ida za ta rage masu yanka falo su kira shi ɗaki, ni ina goyon baya. Sannan ku tuna duk gidan da ya koma HMO gida ɗaya ne ya fita daga hannun mai iyali. Wanda ke ɗaki yau shi ne gobe zai kawo matarsa ya rasa gida mai ɗaki uku.

Alhaji_Leeds:
Gwani duk abin da ka faɗa ya faru, amma ka lura ba ko ɗaya da izinin tsara gari zai hana. Kuma in aka matse na halal, na ɓoye ne ke yawa. Ka je wasu unguwannin Landan ka ga mutane na kwana a gareji da rumfar bayan gida, ba takarda ba rasit, kuɗi hannu da hannu.

Gwani_Salford:
To sai a bar kowa ya yi yadda ya ga dama don kar a yi a ɓoye? Manchester tun 2011 suke da ita a duk birnin, ɗalibai ba su daina samun ɗaki a Fallowfield ba.

Alum_Rock_Boy:
Suna samu, amma tambayi nawa suke biya.

Ummu_Sudais:
Afuwan na shigo a makare. Ba wanda ya yi maganar mata. Gidan haɗaka na mata zalla wahalar samu gare shi, kuma yawanci irin su Alhaji ne 'yan uwa Musulmi masu gida ɗaya ko biyu ke yin sa. Babban kamfani ba ruwansa, duk wanda ya biya zai sa miki a ɗakin kusa. In neman izini ya zama sai mai lauya da mai zanen gini, ƙananan ne za su janye. Ni abin da nake yi, tunda muna da ɗaki a sama, ɗalibai mata biyu na zaune tare da mu, kuma an ce min in mai gida na ciki har mutum biyu bai zama HMO ba. MaiTaswira haka ne?

MaiTaswira:
Haka ne Anti, in gidan naku ne kuna ciki, mutum biyu ba matsala, na uku ne ke canja lissafi. Har fam 7,500 a shekara ma ba haraji a kan kuɗin ɗakin. In kuma haya kuke yi sai da yardar mai gidan.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karɓi takardar maƙwabcin na karanta kamar yadda Hajiya ta ce, ba wata mummunar magana a ciki, fakin ne da shara, amma tana neman a hana sababbi kwata-kwata a duk unguwar, wannan kam ban yarda da shi ba. Ina tunanin in cike fom ɗin kansul da kaina, in ce na yarda a riƙa neman izini amma a faɗi ma'aunin ƙarara kuma a ƙara masu duba gidajen da ke akwai. Matata kuma ta ce in na goyi baya ko da rabi ne in shirya ba ƙaninta ɗakin yara.

Bakatsine:
Madam ta fi ka gaskiya. Da ka ce eh amma, eh ɗin kawai za su ƙirga.

MamanIlham:
Ni ma haka nake tsoro ta ɗaya gefen, ku yi ta amma-amma har a bar mu da katifu.

Yar_Damagaram:
Yaya Dan Fagge ka tura wa ƙanin Madam fom ɗin shi ma ya cike, ya ba 'yan gidansu. MaiTaswira in na rubuta nawa da Hausa za ka taya ni mayar da shi Turanci? Ina shif har Alhamis, yaushe ne ma za a rufe karɓa?